Darasi Daga Kududdufi: Ƙanƙanuwar Halittar Da Ta Taimaka Wajen Fahimtar Zaman Ciki Da Numfashin Jariri

 

A wani dare da nake aikin kwana, an kawo mana wata matashiya ranga-ranga, jikinta ya yi sanyi ƙalau. Makonni bakwai ke nan rabonta da ganin al'ada, amma ba ta fara awo ba, domin a ganinta cikin bai yi ƙwari ba tukuna. Kwana uku ta yi tana fama da ciwon mara ta gefen dama da ɗan ɗigon jini baƙi-baƙi, ana ba ta jiƙo da maganin kemis, ana cewa ai laulayi ne. Da magariba ta tashi za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta ta faɗi. Da aka yi mata hoton ciki, sai aka ga cikin bai zauna a mahaifa ba, a cikin bututun ƙwai ya maƙale, kuma bututun ya fashe, jini yana taruwa a cikin cikinta. Nan take aka shiga da ita tiyata, aka ƙara mata jini, Allah Ya sa tana da sauran shan ruwa a gaba.

Washegari surukarta, wata dattijuwa mai natsuwa, ta tare ni a bakin ɗaki ta ce, "'Yar nan, ki fahimtar da ni. Ni tara na haifa, ban taɓa jin ciki ya ɓatan hanya ba. Me ke kai shi mahaifa tun farko, kuma me ya hana na yarinyar nan isa?" Na ce, "Mama, wasu 'yan gashi ne da ido ba ya gani suke yi masa rakiya." Ta yi murmushi, tana zaton zolaya nake yi. To, ba zolaya ba ce. Bayanin da na yi mata a tsaitsaye shi ne nake son in shimfiɗa muku a yau, kuma labarin ya faro ne daga ruwan kududdufi.

WACE CE WANNAN HALITTA?

A cikin ruwan tafki da kududdufi da ƙorama akwai wata halitta da masana ke kira Tetrahaimena. Ƙwayar halitta ɗaya tak ce jikinta gaba ɗaya, alhali jikin ɗan Adam ya ƙunshi tiriliyoyin irin waɗannan ƙwayoyi. Ƙanƙantarta ta kai sai an jera kamar guda 20 kafin su cika tsawon milimita ɗaya, don haka ba a ganinta sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Siffarta kamar ɗan gauta mai tsini a gefe ɗaya, kuma jikinta lulluɓe yake da ɗaruruwan 'yan gashi ƙanana, waɗanda likitoci ke kira siliya. Da su take iyo a ruwa, da su kuma take kaɗo abinci zuwa bakinta. Abincinta ƙwayoyin bakteriya ne. Ba ta sa wa mutum cuta.

Mai karatu zai ce, me ya kai manyan masana ɓata lokaci a kan irin wannan abu? Dalili shi ne, ba zai yiwu a riƙa yanka jikin mace mai ciki ko jariri don a ga yadda yake aiki ba. Amma Allah cikin hikimarSa Ya sanya tubalan ginin halittu masu rai suna kama da juna ƙwarai. Saboda haka akan nemi wata halitta mai sauƙin kiwo a yi nazari a kanta, daga baya a duba ko abin da aka gano haka yake a jikin mutum. Tetrahaimena ta dace da wannan aiki. Ba ta da tsada, tana rayuwa a cikin kwalba, kuma idan ta samu abinci da ɗumi tana rabuwa biyu duk bayan awa biyu zuwa uku. Ka zuba kaɗan yau, jibi ka tarar da miliyoyi. Tun a shekarar 1923 wani masani Bafaranshe mai suna André Lwoff ya fara kiwonta ita kaɗai a cikin kwalba a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, kuma har yau ana aiki da ita a ɗakunan bincike na ƙasashe da dama.

'YAN GASHIN DA KE CIKIN JIKINMU

Irin gashin nan da ke jikin Tetrahaimena akwai shi a jikinmu, kuma ginin cikinsu kusan iri ɗaya ne. Idan aka yanka ɗaya aka duba da madubi mai ƙarfi, za a ga wasu siraran sanduna tagwaye guda tara sun yi da'ira, biyu kuma suna tsakiya. Haka yake a jikin 'yar kududdufi, haka yake a jikina da jikinki.

Ana samun su a hanci da maƙogwaro da hanyoyin iska na huhu, inda suke kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa ɗaya, dare da rana, suna turo majina tare da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa sama domin a haɗiye ko a tofar. Ana samun su a cikin kunne ta ciki, da cikin ƙwaƙwalwa inda suke motsa ruwan da ke kewaya ta. Wutsiyar da ƙwayar maniyyin namiji ke iyo da ita ma ginin cikinta irin wannan ne. Sannan ana samun su jere a cikin bututun ƙwai na mace. Ba kowanne ke kaɗawa yadda ya ga dama ba. Tare suke yi, bi da bi, kamar yadda iska ke kaɗa gonar shinkafa ka ga tana kwantawa gefe guda.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, me ke ba wa waɗannan gasu ƙarfin motsi? Wani masani ɗan Ingila mai suna Ian Gibbons, wanda ke aiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya tattara gashin Tetrahaimena mai yawa ya tace shi, har ya fitar da wani sinadari da ke maƙale a jikin sandunan nan kamar 'yan hannuwa. A shekarar 1965 shi da abokin aikinsa Arthur Rowe suka raɗa masa suna dainin. Shi ne injin gashin. Yana cin makamashin da jiki ya samu daga abinci, ya kama sandar da ke kusa da shi ya ja, ya saki ya sake kamawa, ta haka gashin ke lanƙwasa ya miƙe. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

YADDA CIKI KE ISA MAHAIFA

Yanzu ga amsar tambayar Mama. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu, da bututu biyu da suka haɗa su da mahaifa. Tsawon kowane bututu kamar santimita 10 zuwa 12 ne, wato bai kai tsawon tafin hannu daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ba. Idan ƙwai ya fito, bakin bututun ne ke cafe shi. Shi ƙwan mace ba shi da ƙafa ba shi da wutsiya, ba ya iya motsa kansa. A cikin bututun yake haɗuwa da maniyyi, a nan ciki ke shiga. Daga nan sai 'yan gashin nan, tare da motsin naman bututun, su riƙa gangaro da shi a hankali na tsawon kwana uku zuwa huɗu har ya faɗa mahaifa, inda zai manne ya ci gaba da girma.

To, idan gashin ya lalace ko bututun ya yi tabo ya tsuke, sai tafiyar ta yi jinkiri. Ɗan tayin kuwa ba ya jira, girma yake yi. Sai ya manne a inda ya tsaya. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa, kuma fiye da 90 cikin 100 na irinsa a cikin bututu yake zama. Bututu ba ya buɗewa kamar mahaifa, saboda haka cikin ba zai iya rayuwa a nan ba, kuma idan aka bar shi yana iya fasa bututun, uwa ta zubar da jini ta ciki ba tare da an gani a waje ba. Cikin kowane ciki 100, ɗaya zuwa biyu kan zo a haka, kuma yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko.

Abubuwan da suka fi lalata bututu su ne:

Ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, musamman gonoriya da kilamidiya. Ita kilamidiya sau da yawa ba ta nuna wata alama, mace na iya ɗauke da ita shekaru tana ɓarna a ɓoye.

Shigar ƙwayoyin cuta bayan ɓari ko bayan haihuwar da aka yi ba tare da tsabta ba.

Tiyatar da aka taɓa yi a bututu ko a mara, ko kuma an taɓa samun ciki a wajen mahaifa a baya.

Shan taba. Bincike ya nuna sinadaran hayaƙin taba suna rage kaɗawar gashin bututu.

Sai dai a lura, akwai matan da abin ke samunsu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Don haka kada a ɗora wa mace laifi, kada a ce sammu ne ko aikin kishiya. Haka kuma maganin ciwon sanyi na mutum biyu ne. Idan an ba wa mace magani ba a ba wa maigida da sauran matansa ba, an yi tufka da warwara ke nan.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

'Yar'uwa, idan al'adarki ta ɗauke, ko kina zaton kina da ciki ko da gwaji bai tabbatar ba, sannan kika ji ɗaya daga cikin waɗannan, ki zo asibiti a wannan lokaci, ko da tsakar dare ne:

Ciwon mara mai tsanani, musamman ta gefe ɗaya.

Ɗigon jini ko zubar jini wanda bai yi kama da na al'ada ba.

Ciwo a saman kafaɗa ba tare da kin bugu ba. Jinin da ya taru a ciki ne ke jawo shi.

Jiri, ganin duhu-duhu, gumi mai sanyi, ko suma.

Yawanci alamun kan bayyana tsakanin mako na 4 zuwa na 12. Idan an gano da wuri kafin bututu ya fashe, wani lokacin allura ma ta isa, ko a yi ƙaramar tiyata. Idan kuwa aka makara, sai babbar tiyata da ƙarin jini, wani lokacin ma ba a kaiwa ga hakan. Wannan ne ya sa muke ta nanata cewa a fara awo da wuri. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, don kunya ko don tsoron baki. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma kada ki ɓoye wa ungozomar asibiti. Mu sirrinki amana ne a wurinmu.

Ga kuma albishir ga wadda aka cire wa bututu ɗaya: idan ɗayan lafiya yake, mata da yawa suna sake samun ciki su haihu lafiya. Abin da ake buƙata shi ne, da zarar ta ga ɓatan wata, ta zo a yi hoto da wuri a tabbatar inda cikin ya zauna.

JARIRIN DA GASHINSA BA YA KAƊAWA

A shekarar 1933 wani likita a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, Manes Kartagener, ya yi bayanin wasu marasa lafiya masu abubuwa uku a haɗe: toshewar hanci da ba ta warkewa, ciwon huhu mai yawan majina, sannan kayan cikinsu a juye, zuciya a dama, hanta a hagu. Shekaru sama da arba'in ba wanda ya san abin da ya haɗa waɗannan uku. Sai a shekarar 1976 wani masani ɗan Suwidin, Björn Afzelius, wanda ke nazarin wasu maza da maniyyinsu ba ya motsi, ya lura suna fama da irin wannan ciwon huhu, wasunsu kuma zuciyarsu a dama take. Da ya duba da madubi mai ƙarfi, sai ya ga 'yan hannuwan nan na dainin babu su. 

Batun juyewar zuciya kuwa, masana a Jami'ar Tokyo ta Japan ne suka warware shi a shekarar 1998, ta hanyar nazarin ɗan tayin ɓera. Sun ga cewa a farkon halitta akwai wani ɗan gurbi mai 'yan gashi da ke juyawa suna tura ruwa zuwa hagu, kuma wannan gudun ruwa ne ke nuna wa jiki ina ne hagu ina ne dama. A jikin ɗan Adam wannan na faruwa ne wajen mako na uku da shigar ciki, lokacin da uwa ma wataƙila ba ta san tana da shi ba. Idan gashin bai motsa ba, sai abin ya zama kamar jefa kwabo, shi ya sa kusan rabin masu wannan lalura kayan cikinsu a juye suke.

Wannan lalura ta rashin motsin siliya ba ta da yawa. Ƙiyasi ya nuna kamar mutum ɗaya ne a cikin 10,000 zuwa 20,000. Gadonta ake yi, kuma mafi yawanci yadda ake gadon sikila: sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da ita. Saboda haka an fi ganinta a inda ake yawan auren zumunci. Ba ina cewa a daina auren zumunci ba ne. Abin da nake roƙo shi ne, idan a danginku akwai yara masu irin wannan matsala, ku faɗa wa likita tun a wajen awo.

Alamunta su ne jariri ya cika wata tara cif amma ya kama wahalar numfashi bayan wasu awowi da haihuwa har ya buƙaci iskar oksijin, hanci a toshe da majina tun kwanakin farko, tari mai majina kullum rani da damina, da yawan ciwon kunne. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya ba, amma idan an gane ta da wuri, ana koya wa uwa yadda za ta riƙa bubbuga ƙirjin yaro majina ta fito, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta a kan lokaci, a cika masa allurar rigakafi, huhunsa ya daɗe bai lalace ba. Kada uwa ta tsorata, mafi yawan tarin yara mura ce kawai. Amma duk jariri sabon haihuwa da ke numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana gurnani, ko ya ƙi kama nono, a garzayo da shi asibiti.

HAYAƘI A ƊAKIN JEGO

Ko yaron da gashinsa lafiya yake, hayaƙi na iya raunana shi. Hayaƙin taba da na itace da na gawayi yana rage kaɗawar gashin hanyoyin iska, majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa hayaƙin girki na cikin gida a cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon huhu na nimoniya ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Mu duba yadda muke yi a gida. Lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga, a kawo kaskon gawayi, a zuba turaren wuta, jariri na kwance a gefe. Uwa na hura wutar icce a madafa, yaro na goye a bayanta yana shaƙa. Gyaran ba shi da tsada. A yi girki a fili ko a inda iska ke ratsawa, a ba wa wani riƙon yaro lokacin hura wuta, a turara ɗaki lokacin da jariri ba ya ciki, a bari hayaƙin ya fita kafin a dawo da shi. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, domin iskarsa na kisa ba tare da wari ba. Maigida mai shan taba kuwa, in bai iya dainawa ba, to ya yi nesa da mai ciki da jariri.

ƘULLIN BAKIN IGIYA

Akwai wani darasi na biyu da aka koya daga wannan halitta. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Su ne ke ɗauke da bayanin gado. Kowa ya san igiyar da ba a ƙulle bakinta ba warwarewa take yi. To, me ke ƙulle bakin waɗannan zaruruwa?

Elizabeth Blackburn, 'yar ƙasar Ostareliya, ta nemi amsar a jikin Tetrahaimena, domin ita tana da dubban gajerun zaruruwa a ƙwaya ɗaya, alhali ƙwayar mutum bakuna 92 kawai gare ta. A shekarar 1978, tare da Joseph Gall na Jami'ar Yale, ta bayyana cewa bakin zaren wani ɗan gajeren rubutun gado ne da ake maimaitawa sau da yawa. Ana kiran wannan ƙulli telomiya. Daga baya aka gano na mutum ma kusan iri ɗaya ne, harafi ɗaya ne ya bambanta su a cikin shida. Ranar 25 ga Disamba, 1984, ɗalibarta Carol Greider, tana da shekara 23, ta ga alamar farko ta sinadarin da ke ƙara wa ƙullin tsawo, wanda suka kira telomares. A shekarar 2009 su biyun tare da Jack Szostak suka karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Kafin su ma, a shekarar 1989, Thomas Cech na Jami'ar Colorado ya samu rabon Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda wani binciken da ya yi a kan wannan halitta.

Me ya shafe mu a nan? Duk lokacin da ƙwayar jiki ta rabu biyu, ƙullin yana ɗan raguwa. Idan ya gajarce ƙwarai, sai ƙwayar ta daina rabuwa, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke tattare da tsufa. Amma a ƙwayoyin da ke samar da maniyyi da kuma a farkon halittar ɗan tayi, telomares yana aiki sosai yana sabunta ƙullin. Shi ya sa iyaye masu shekara 40 ke haifar jariri sabo fil. A ɗaya ɓangaren, kusan 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan sankara suna tayar da wannan sinadari don su yi ta yaɗuwa ba iyaka. Saboda haka idan wani ya tallata miki maganin ƙara tsawon telomiya don hana tsufa, ki riƙe kuɗinki, balle kina da ciki.

A shekarar 2004, Blackburn da wata masaniya mai suna Elissa Epel sun yi nazari a kan iyaye mata 58 a Amurka, mafi yawansu masu jinyar yara da ke da doguwar rashin lafiya. Sun ga cewa waɗanda suka fi daɗewa suna jinya kuma suka fi jin damuwa, ƙullinsu ya fi gajarta. Nazarin ƙarami ne, kuma alaƙa ya nuna, ba hukunci ya yanke ba. Amma ya yi daidai da abin da muke gani kullum a ɗakin awo: damuwa da gajiya suna cin jikin mace. Magidanta da surukai, rage wa mai ciki aiki, barinta ta yi barci, da kyautata mata magana, duk suna cikin kula da lafiyarta.

GARGAƊI GAME DA RUWAN KUDUDDUFI

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe ruwan kududdufi ba shi da illa. Tetrahaimena ce ba ta cutarwa, amma maƙwabtanta a wannan ruwa sun haɗa da ƙwayoyin kwalara da taifod da atuni da tsargiya. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a rufe randa, a ware mata moɗa mai tsabta. Jariri kuwa nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata.

ABIN DA ZA A RIƘE

A fara awo da zarar an ga ɓatan wata, kada a wuce mako 12.

Ɓatan wata tare da ciwon mara na gefe ɗaya, jini, ciwon kafaɗa ko jiri, sai asibiti nan take.

Ciwon sanyi a yi maganinsa a asibiti, miji da mata tare, a kuma shanye maganin har ƙarshe.

A haihu a hannun ƙwararru, a kuma zo a duba bayan ɓari.

A nisanta mai ciki da jariri daga hayaƙi kowane iri.

A faɗa wa likita duk wata lalura da ke bin dangi.

Ita wannan baiwar Allah da na ba ku labarinta, an sallame ta bayan kwana shida. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga ta a layin awo da sassafe, surukarta na biye da ita riƙe da kati. Mako biyar kacal da ɓatan watanta. Mama ta ce da ni, "'Yar nan, mun zo a duba mana ko 'yan gashin nan naki sun kai shi gida." Aka yi hoto, aka ga ciki zaune daram a mahaifa.

Duk mai tambaya a kan wannan batu tana iya samun kowace ma'aikaciyar jinya a ɗakin awo, ko ta rubuto ta jefa a akwatin tambayoyi. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da muka haifa, Ya ba wa marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.